Na zuba wasan Fischer da Spassky a Lichess, ga abin da na gani

Jama'a jiya da daddare na kasa bacci sai na ce bari in gwada allon nazari na Lichess, shafin buga ces a intanet, da wani tsohon wasan ces da na dade ina jin labarinsa, wasa na 6 a gasar duniya ta 1972 a Reykjavik, Fischer da farare, Spassky da bakake. Lichess din kyauta ne, ba talla, kwafo wasan kawai za ka yi ka manna, injin Stockfish, manhajar da ke auna kowane taku, ya hau aiki.

Inda na fi jin dadinsa wajen budin wasa ne wallahi. Fischer da kowa ya sani da fara wasa da tura soja gidan e4 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allo) sai ya fara da c4, wasan ya juye ya koma budin da ake kira Queen's Gambit, salon Tartakower, mai b6 a taku na 7, wanda shi Spassky din gidansa ne. Akwai dan alamar littafi a gefe, kana dannawa zai jero ma wasannin manyan 'yan wasa da suka bi wannan hanyar da yadda kowanne ya kare. Na makale a taku na 14, Fischer ya kai bishof b5, Spassky ya amsa da a6, ashe kai sarauniya b7 ya fi, da wannan takun ne wani babban dan wasa, Geller, ya doke Timman a 1973. Na fi minti 20 a nan ina gaba ina baya, har wayata ta dau zafi.

Amma fa inji inji ne, lambar da ke nuna wa ke kan gaba yake ba ka ba dalili ba. Taku na 20 Fischer ya tura soja e4, Spassky ya tura nasa d4, sai ka ga lambar ta motsa shi kenan, ba wanda zai ce ma ai gidan c4 ne aka bude wa bishof ya zo ya tare a kan sojan e6, sai da na kashe injin na zura wa allon ido tukuna na gane. Sabon shiga zai iya zama yana kallon lamba har taku na 41 da Spassky ya sallama, bai san me ya sa mutumin ya bi 'yan kallo yana tafa wa abokin karawarsa ba.

Ni dai na ba allon nazarin na Lichess 4 cikin 5. Ku fara bin wasan da kanku kafin ku kunna injin, kuma a kwamfuta ya fi dadi, a waya allon ya min kankanta.