Wata Tara a Ƙarƙashin Baba Koci: Ko Kuɗina Sun Ci Riba?

Mutum huɗu ke nan suna tare ni a shago suna tambayar ko wurin da na koyi aikin horar da 'yan ƙwallo a nan Garwa ya cancanci kuɗinsa. Gara in amsa gaba ɗaya in huta. Sunan wurin ba zan kama ba, domin akwai maganar da ba za ta yi wa mai shi daɗi ba, kuma har gobe maigidana ne, in muka haɗu sai na rusuna.

Da ni ɗan wasan tsakiya ne, har ranar da gwiwar dama ta ce ta gaji. Yanzu da safe ina sayar da kayan waya a kasuwa, da la'asar ina fili. Sharaɗin wurin: wata tara, jaka biyar ta sefa duk wata, kwana huɗu a mako. Mu uku ne 'yan koyo a hannun dattijon da kowa ke kira Baba Koci, yara kuwa sun kusa sittin, daga 'yan shekara tara zuwa sha biyar.

Wata biyun farko ko usur ban busa ba. Ni ne ɗaukar buhun ƙwallo, ni ne ba su iska, ni ne tsince duwatsu da ƙaya, ni ne cika gorunan roba da yashi don yin alama a fili. Na fara ƙunƙuni, ina cewa na biya kuɗi an mai da ni ɗan aike. Wata rana ana tsakiyar wasa sai Baba ya matso kusa da ni ya ce, "Ɗana, a cikin yaran nan wa bai ci abincin rana ba?" Na yi tsuru. Ya nuna wani siririn yaro da ya daina komawa baya in an ƙwace ƙwallo, yana ta dafa ƙugu. Aka kira shi, haka ne kuwa, tun kunun safe. Baba ya ce, "Kai ƙwallo kake bi da ido kamar ɗan kallo. Bar ta, ba ta ɓacewa. Yaron za ka duba."

Wannan idon shi ne babban abin da na saya, kuma ba na jin ana samun sa a allo. A wasan da muke kira toro, huɗu a zagaye ɗaya a tsakiya yana farauta, sai ya hana ni kallon mai ƙwallo, ya ce in kalli wanda za a ba: ya buɗe jikinsa? Ya waiga kafin ta iso? Da wace ƙafa ya tarbe ta? Ranar da aka fara ba ni yara in jagoranta, na tara su ina bayani har kusan minti goma. Sai na ji usur daga baya. "Malam, wa'azi sai Juma'a. Nuna musu, ka ba su ƙwallo." Yaran suka fashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma tun daga ranar bayanina ba ya wuce minti ɗaya, ba na barin yara fiye da uku a layi suna jira, kuma ƙanana da ƙwallo mai lamba 4 suke wasa, ba mai lamba 5 ta manya ba.

Ya san garinsa ma. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ba a taɓa ƙwallo sai rana ta yi sanyi, kuma duk kwata ɗin awa a sha ruwa ko yaro ya ce ba ya jin ƙishi. Umarni ɗaya kan fito da Fulatanci, da Faransanci, da Hausa, gwargwadon yaron da ake so ya ji. Misalansa kuma na gida ne. Wasan da Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci 1-0 a filin Roumdé Adjia na nan Garwa a Janairun 2022, ya zana mana shi a ƙasa da tsinke ya fi sau biyar, yadda aka sa mutum biyu suka toshe wa Moses Simon hanya a gefe. Ni ina filin a daren, ihu kawai na yi na dawo gida da dusasshiyar murya, ban ga komai ba.

Sai iyaye. Kowane uba gani yake ɗansa ne Vincent Aboubakar na gaba, tunda shi ma daga Coton Sport, ƙungiyar nan Garwa, ya tashi zuwa Valenciennes ta Faransa a 2010. Na ga wani Alhaji ya zo da maganar a rage wa ɗansa shekara uku a takarda. Baba ya ba shi kujera, ya sa aka kawo shayi, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba a wurina ba." Bai ɗaga murya ba, yaron kuma bai bar zuwa ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da zan shiga an ce mini, "In ka gama za a haɗa ka da takarda." Na ɗauka lasisi ake nufi. Abin da aka miƙo mini a ƙarshe shaida ce da aka buga a shagon kwamfuta, da hatimin wurin. Lasisin koci na gaskiya na CAF ne, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, hawa-hawa daga D zuwa C, B, A har Pro, kuma a Kamaru ta hannun FECAFOOT, hukumar ƙwallon ƙasar, ake yin kwas ɗinsa. Na kai tawa wata makarantar kuɗi neman aiki, shugaban ya juya ta gaba da baya ya mayar mini. Laifina ne da ban tambaya ba, amma su ma sun san abin da na zata, suka yi shiru.

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Akwatin magani babu komai sai bandeji da man zafi, kuma ko sau ɗaya ba a koya mana taimakon gaggawa ba. Ranar da yara biyu suka yi karo da ka, ɗaya ya tashi yana layi, aka kwara masa ruwa aka ce ya koma. Wannan kuskure ne. Yaron da ya bugu a ka har ya yi jiri, wasansa na ranar ya ƙare, sai likita ya gan shi. Na faɗa wa Baba a gefe, ya ce su haka suka taso. Rubutu ma babu, duk abin da ke littafina ni na riƙa rubutawa da daddare.

In maki ne, uku da rabi cikin biyar. Wanda ke son ya iya tsayawa gaban yara, ya je, jaka arba'in da biyar ɗin ba ta tafi a banza ba. Wanda takardar neman aiki yake so, ya tambayi wace iri ce tun kafin ya zaro ko dala. Ni yanzu ina da yara ashirin da biyu a Yelwa, ƙwallo shida, ɗaya tana sace iska, kuma na shiga adashi don kuɗin lasisin D. Kwasata sai bayan Babbar Sallah.