Bado da Arkilla ko cikin gari: ina ya fi wa mai iyali?

Malam, ka ce Allah Ya buɗa maka, kana son ɗauke iyali da Hajiya mahaifiyarka daga Kanwuri, unguwar fadar Sarkin Musulmi a cikin garin Sakkwato, ku koma Bado ko Arkilla, kana tambayar wanne ya fi. Allah Ya ƙara buɗi.

Ta fuskar sarari babu haɗi. A waɗannan unguwanni na ƙaramar hukumar Wamakko za ka samu gida da katanga da get, mota ta shiga har ciki, ga filin dasa dogon yaro. Duk wanda ya sha zafin Afrilu a Sakkwato, lokacin da ake haura digiri 40, ya san darajar tsakar gida mai iska. Cikin gari kuwa lungu ne, gida manne da gida, da damina kwata ta cika ta tumbatsa.

Sai dai kada ka tsaya kan kuɗin haya. A Bado da Arkilla kusan komai kai za ka yi wa kanka: burtsatse da tankin sama, sola ko janareto na tura ruwa, da kuɗin maigadi da 'yan layi ke haɗawa duk wata. In gidan yana kan layin Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin samun wutar lantarki mafi yawa a rana, ka tuna a Afrilun 2024 kuɗin wutarsu ya ninka har sau uku. Ga man fetur, wanda tun cire tallafi a 2023 ya zama abin lissafi. Kai yara makaranta, cefane a Babbar Kasuwa, gaisuwar rasuwa, duk sai an tada mota. Ranar da ta kwana wurin bakanike, sai an taka har bakin titi neman ɗan kabu-kabu. Daga Kanwuri da ƙafa kake zuwa Masallacin Bello ranar Juma'a, mai kayan miya yana bakin lungu, mai ruwa da kurarsa yana wucewa ta ƙofar gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hajiya. Inda take yanzu, maƙwabta na shigowa da sallama tun hantsi, yaran unguwa duk 'yan aikenta ne, in ta kwana da zazzaɓi kafin azahar an cika ɗakinta da masu dubiya. A Bado kai kana wurin aiki, jikoki na makaranta, get a kulle, sai ta wuni ita da rediyo. Tayil da iyakwandishan ba sa hira da tsohuwa.

Da kai da maiɗakinka da yara ne kawai, kuma motarka lafiyayya ce, da na ce ku koma. Tunda da Hajiya, ka same ta ita kaɗai bayan isha'i ka tambaye ta, don a gaban mutane kara za ta sa ta ce duk yadda ka yi daidai ne. In ta yarda, fara kama haya ta shekara guda, ka ga bazara ka ga damina a layin, kafin ka sa kuɗinka a fili.