Zaɓen iyafis: wanda ba ya ciwon kunne kuma yake da sauti

Galibin masu sayen iyafis tambayarsu ta farko ita ce ko yana da bes, wato sautin nan mai kauri da ke dukan ƙirji. Amma abin da ke sa a jefar da shi cikin durowa bayan mako biyu ciwon kunne ne, ko kuma gefe ɗaya ya mutu. Don haka da zama a kunne ya kamata a fara, domin sautin ma a kansa ya dogara.

'Yar robar da ke bakin iyafis ita ce rabin aikin. Idan ba ta toshe ramin kunne ruf ba, iska za ta riƙa fita, bes ya gudu, sauti ya koma kamar na gwangwani ko da mai tsada ne. Kamfanonin kirki suna sako roba girma uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Gwada dukkansu. Ja saman kunnenka sama da ɗaya hannun, ka tura a hankali, ka saki. In ta zauna daidai za ka ji hayaniyar waje ta ragu, muryarka kuma ta yi kauri a cikin kanka. Kada ka yi mamaki in kunnen dama ya so matsakaiciya, na hagu ya so ƙarama. Kunnuwa ba lallai su zo ɗaya ba. Sai kaurin bututun da robar ke hawa: in ya yi kauri da yawa, mai ƙaramin kunne na iya jin zafi. Akwai robar soso, tana toshewa sosai, amma tana shan gumi da dauɗa, sai an riƙa sauya ta bayan 'yan watanni.

A ganina, wanda ya fi cancanta da kuɗin mai saye shi ne Moondrop Chu II, da ya fito a 2023, a kan farashin wajen dala 20. Lasifika ɗaya ce a kowane gefe, mai faɗin milimita 10, a cikin gida na ƙarfe ɗan ƙarami da ke shigewa kwarmin kunne ba tare da ya turo waje ba. An daidaita sautinsa yadda murya ke fitowa sarai a gaba, bes yana nan amma bai danne ta ba. Mai sauraron karatun Alƙur'ani, wa'azi, labaran rediyo ko kiɗan da ke da kalangu da gurmi zai gane amfanin wannan nan take, domin harafi ba ya cakuɗewa da ɗan'uwansa. Babban abin da ya sa na fifita shi kuwa shi ne wayarsa ana cire ta. Fil biyu ne masu kaurin milimita 0.78, irin da kamfanoni da yawa ke amfani da shi. Sau da yawa iyafis mai waya daga waya yake mutuwa, ko a gindin filogi ko a inda ta rabu biyu. A nan in ta tsinke sai ka sayi wata ka soka, lasifikar na nan lafiya. Da yake mai waya ne, ba caji, ba jiran a kawo wuta, ba jinkiri tsakanin hoto da sauti. Aibinsa ɗaya: 'yar ragar da ke bakin bututun tana toshewa da danshi, sai gefe ɗaya ya yi ƙasa-ƙasa. Ba lalacewa ba ce. Ka cire robar, ka bar shi ya sha iska, ka share ragar da busasshen buroshi. Kada ka tsokale ta da allura.

Cikin sauran masu waya, 7Hz Salnotes Zero kusan farashinsu ɗaya da Chu II, sautinsa mai tsabta ne, sai dai bes ɗinsa kaɗan ne kuma gidansa na da kusurwa. Truthear Zero bututunsa ya yi kauri ga ƙananan kunnuwa. KZ ZSN Pro kuwa saman sautinsa na da tsini, yana gajiyar da kunne.

Marasa waya, na bulutut, suna da ranarsu ga mai tuƙi ko mai motsa jiki. Oraimo, na kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel, ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu, kuma ya isa kira da sauraron yau da kullum. AirPods Pro, na kamfanin Apple, na rage hayaniya ƙwarai, amma sai da iPhone ake cin cikakkiyar moriyarsa. Dukkansu dai batirinsu ƙanƙane ne a manne, yana raguwa cikin shekara biyu zuwa uku, zafin rana na ƙara hanzarta shi. In za ka saya, nemi mai alamar IPX4, wato mai jure fantsamar ruwa, saboda gumi.

Inda aka fi cutar mutane shi ne jabu. AirPods na bogi a yau har tagar haɗawa yake buɗewa a iPhone, kuma lambar da ke jikin kwalinsa tana iya zama ta gaske, an kwafo ta ne daga na asali an buga a kan dubbai. Saboda haka duba lamba kaɗai ba hujja ba ce. Tun daga iOS 16, wato zubi na 16 na manhajar iPhone, wayar kan yi gargaɗi cewa ba ta iya tantance shi ba, amma wasu jabun suna tsallake wannan ma. Gwajin da ya fi kama jabun AirPods Pro shi ne na tsarinsa na rage hayaniya: tsaya kusa da janareta ko fanka, ka kunna, ka kashe. Na asali zai haɗiye gurnanin nan. Na bogi galibi zai yi ɗan ƙararsa kawai, hayaniya na nan yadda take. Duk wanda ya ce maka sabo ne a kwali amma a kashi ɗaya cikin biyar na farashi, ka bar masa kayansa. Oraimo ma ana jabunsa, don haka kankare tambarin da ke jikin kwali ka duba lambar a shafin kamfanin tun kana gaban mai shago. Haka rubuce-rubucen nan na 9D ko 12D a kwali ba ma'aunin komai ba ne, ado ne na talla. Kuma ka lura da musanya: a gwada maka mai kyau, a miƙo maka wani a leda. Wanda ka gwada shi za ka tafi da shi, da rasit mai ɗauke da sunan samfurin da kwanakin garanti.

Ka gwada da wayarka, da muryar da ka sani. Juya wayar iyafis ɗin a gindin filogi ka ji ko za ta yi ƙarar karce. Ƙirga zoben da ke jikin filogin: biyu babu makirfo, uku akwai. Idan wayarka ba ta da ramin filogin iyafis na milimita 3.5, sai adaftar USB-C mai na'urar juya sauti a ciki, domin marar ita ba ta aiki a yawancin sababbin Samsung. Akwai kuma Chu II DSP da ke zuwa da kan USB-C kai tsaye.

Da yake mai toshe kunne da kyau yana tare hayaniya, ba ka bukatar ƙure ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba ƙarfin sauti na desibel 80 (ma'aunin ƙara) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. In ka cire ka ji kunne na ƙugi, ka rage gobe.