ESU na Windows 10: sayen lokaci ne, kuma kuɗin ninkawa yake yi duk shekara

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina fitar da facin tsaro, wato sabuntawar da ke toshe ɓarakar tsaro, kyauta ga Windows 10. Kwamfutocin ba su mutu ba, suna tashi suna aiki kamar kullum, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga ranar nan a buɗe za ta zauna. Ga ma'aikatun da ba su gama ƙaura zuwa Windows 11 ba, kamfanin ya fito da ESU, wato tsarin biyan kuɗi don ci gaba da karɓar facin har zuwa Oktoba 2028.

Farashin shi ne abin da ya kamata mai kula da kwamfutoci ya fara ajiyewa a gaban shugabanninsa. Shekarar farko dala 61 ce kan kowace kwamfuta, ta biyu 122, ta uku 244. Jimla dala 427, kuɗin da bai yi nisa da na sabuwar kwamfutar ofis mai sauƙi ba. Ma'aikata mai kwamfuta 200 za ta biya dala 12,200 a karon farko, amma in ta kai ƙarshen shekaru ukun ta kashe 85,400. Kuma babu wayo a jinkiri: wanda ya tsallake shekarar farko ya shigo a ta biyu, sai ya biya duka biyun. Masu amfani da Intune ko Windows Autopatch, manhajojin Microsoft na kula da kwamfutoci ta intanet, suna samun ragi zuwa dala 45 a shekarar farko. Makarantu kuwa sun sha da arha, dala 1, sai 2, sai 4. Tsarin dala 30 da aka yi wa masu kwamfutar gida bai shafi kwamfutar da ke ƙarƙashin Active Directory, tsarin da ma'aikata ke sarrafa kwamfutocinta da shi, ba, kada a ɓata lokaci a kansa.

Abin da ake samu faci ne kawai na matsalolin tsaro masu muhimmanci. Babu sabon abu, babu taimakon injiniyoyin Microsoft in firinta ta daina magana da kwamfuta. A iyakar abin da ya yi alkawari, yana cikawa: facin na zuwa ta hanyar da aka saba, wato manhajojin rarraba faci irin su WSUS ko Configuration Manager ko Intune, ba sai an sake gina komai ba.

Wajen kunnawa ne ake shan wahala. Dole kwamfutar ta kasance a kan 22H2, sigar ƙarshe ta Windows 10, kuma ta karɓi sabuntawar Oktoba 2025. Wadda ta maƙale a tsohuwar sigar 21H2 ba za ta ga komai ba ko an biya mata. Bayan an sayi lasisi ana samun lambar MAK, wato lambar kunnawa ɗaya da ke yi wa kwamfutoci da yawa. A shigar da ita da umarnin slmgr.vbs /ipk, sannan a kunna da slmgr.vbs /ato haɗe da lambar shaidar shekarar da aka saya. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su rubuta /ato shi kaɗai, ya sake kunna Windows ɗin kansa, ESU na nan a kwance. A duba da slmgr.vbs /dlv a tabbata layin ESU ya nuna yana da lasisi. Ita lambar MAK tana da iyakar adadin kunnawa, don haka duk wanda ke yawan goge kwamfuta yana sake zuba mata manhaja ya riƙa lissafi. A Nuwamba 2025 facin farko, KB5068781, ya ƙi shiga a wasu kwamfutocin ma'aikatu da kuskuren 0x800f0922, sai da Microsoft ya fitar da KB5072653 ya gyara. Wannan kaɗai ya isa dalilin gwada kowane faci a kan kwamfuta biyar ko goma kafin a sake shi ga kowa.

Babban kuskure shi ne a saya wa duk kwamfutocin ofis a dunƙule. Kafin a biya ko sisi, a tantance. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wato na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, da UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, mai iya Secure Boot, da RAM gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da furosesan Intel ƙarni na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama. Da yawa daga cikin waɗanda rahoton tantancewa ke cewa ba su cancanci Windows 11 ba, TPM ɗinsu kashe yake kawai a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Wasu kuma faifansu ne ke kan tsohon tsarin MBR. Maganin: a dakatar da BitLocker, manhajar kulle faifai, tukuna, a gudanar da mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya wuce a yi mbr2gpt /convert /allowFullOS don mayar da faifan sabon tsarin GPT, sannan a shiga BIOS a mayar da shi UEFI. Wanda ya manta matakin ƙarshe zai tarar kwamfutar ta ƙi tashi, wanda ya manta na farko kuma za a tambaye shi makullin ceto mai lamba 48.

Waɗanda suka rage bayan wannan tankaɗe su ne ESU ya dace da su: kwamfutar da ke tuƙa injin gwaji ko wata tsohuwar manhajar lissafi da mai ita bai amince da Windows 11 ba tukuna. Su ma a ware su a sashensu na netwok, a hana su yawo a intanet. A kuma lura, nau'in LTSC, wato Windows 10 mai tallafin dogon zango, da nasa jadawalin: Enterprise LTSC 2021 na da tallafi zuwa Janairu 2027, na IoT zuwa Janairu 2032.

Shekarar farko ta cancanci kuɗinta. Ta biyu sai ga 'yan tsirarun da ke da dalili a rubuce da ranar da za a sauya su. Dala 244 ta shekara ta uku kan kwamfutar da furosesanta ya girmi ƙarni na takwas, gara a zuba ta a kuɗin sabuwa.