Wane Sifaniyanci za ka koya kafin ka biya kuɗin darasi?

Mai neman koyon Sifaniyanci yakan tarar da talla iri biyu: wani kwas a kansa an rubuta español, wani kuma castellano. Kada wannan ya rikita ka, harshe ɗaya ne. Castellano ya samo sunansa daga yankin Kastil inda harshen ya tashi, kuma da shi kundin tsarin mulkin Sifaniya na 1978 ya kira shi, domin ƙasar tana da wasu harsunan kamar na Kataloniya da na Basko. A Ajantina da Peru ma an fi jin castellano a bakin mutane, a Meziko kuwa español ake cewa. Duk wanda ya ƙara maka kuɗi don kwas ɗinsa na ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen nan, suna kawai ya sayar maka.

Abin dubawa shi ne karin harshen da za a koya maka. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da harshen a bakinsu, kuma ƙasashe 20 ne suke gudanar da mulki da shi, ga tsibirin Puerto Rico a kai. Sifaniya, mai mutane ƙasa da miliyan 50, 'yar kaɗan ce a wannan lissafi. Meziko kaɗai tana da wajen miliyan 130, sannan a Amurka fiye da miliyan 40 da shi suke magana a gida.

Na Sifaniya yana da abubuwa biyu da za su ɗan ƙara maka aiki. A yawancin ƙasar, harafin z, da c idan ta zo kafin e ko i, ana furta su da harshe tsakanin haƙora, kamar ث ta Larabci. Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuya ba. Na biyu shi ne vosotros, wato “ku” na abokai da 'yan uwa, wanda ke da nasa jerin sifofin aikatau da sai ka haddace. A Latin Amurka ba a amfani da shi, ustedes ya wadatar wa kowa, kuma z da c duk s ake jin su. Kalmomin yau da kullum ma sukan bambanta: mota coche ce a Madrid, carro a Bogota, auto a Buenos Aires. Ana fahimtar juna duk da haka.

Shawarata ita ce, idan karatu ko aiki ko ƙwallo zai kai ka Madrid ko Sabiya, ɗauki na Sifaniya. Haka ma mai harkar kasuwanci da Malabo ko Bata, biranen Ikwatoriyal Gini, domin ƙasar, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifaniya a 1968, karinta ya fi kusa da na can. Idan kuwa ba ka da takamaiman wurin zuwa, na Meziko ko na Kolombiya ya fi sauƙin farawa, kuma kayan karatunsa sun fi yawa a intanet. Duolingo, manhajar koyon harsuna, ma ga na Latin Amurka ya fi karkata. Na Ajantina da Yurugwai yana da daɗin ji, amma da vos a maimakon tú, wato “kai” ko “ke”, da furucinsa na daban, ban ga dalilin da ɗan koyo zai fara da shi ba sai in can ya nufa.

Inda na fi so ka yi hattara shi ne takardar shaida, don nan ne kuɗi ke salwanta. DELE, wadda cibiyar Instituto Cervantes ke bayarwa da sunan ma'aikatar ilimin Sifaniya, ba ta daina aiki har abada, sai dai kai ne za ka zaɓi matakin jarrabawarka daga A1 na farko zuwa C2 na ƙoli, in ka faɗi kuma ka tashi a tutar babu. Sakamakonta kan ɗauki watanni. SIELE, wadda aka fara a 2016 da haɗin gwiwar Cervantes da jami'o'in Salamanca da Buenos Aires da babbar jami'ar ƙasar Meziko, a kwamfuta ake yin ta, maki ake ba ka ba faɗuwa ba, sakamako na fitowa cikin mako uku, amma shekara biyar take yi ta daina aiki. Mai gaggawar neman gurbin karatu SIELE za ta fi masa, matuƙar makarantar tana karɓarta. Mai burin zama ɗan ƙasar Sifaniya kuwa, DELE ta matakin A2 ko sama ake nema.

Manhaja kyauta ta isa watannin farko, tunda wasulan harshen biyar ne kamar namu, kuma r mai kaɗawa tana bakinmu tun fil azal. Bayan nan ka nemi malami, ka tambaye shi ɗan ina ne da kuma jarrabawar da ya taɓa shirya ɗalibai a kanta, kafin ka tura ko sisi.