Kafin ka biya kuɗin zuwa kallon kifin wel, ga inda ya fi da inda za a cuce ka

Mutane suna yawan tambayata wai in mutum ya tara ɗan abin da ya tara yana so ya ga kifin wel da idonsa, ina ya fi ya nufa, Aislan ko Tonga ko Meziko ko Afirka ta Kudu. Ni dai ba zan ɓoye muku ba, Hermanus ta Afirka ta Kudu ce tawa, amma sai na fara da abin da ya same ni a tafiyata ta farko, don tun daga ranar na canza ma'aunin da nake auna kowane kamfani da shi.

Jirgin da na shiga an rubuta bincike a jikinsa da manyan baƙaƙe, jagoranmu ma rigarsa da hoton wutsiyar wel a ƙirji, shi ya sa na saki jiki na biya. Muna fita can tsakiyar ruwa sai ga uwa da ɗanta, irin wel ɗin da ake kira mai doro, suna tafiyarsu a hankali, kawai direba ya ƙara wuta ya sha gabansu, kafin ka ce me wasu jirage biyu sun iso an saka su a tsakiya. Ina kallo ɗan ya manne da gefen uwar, ta nutse da shi, amma shi ba ya iya daɗewa a ƙasa dole ta dawo da shi sama ya shaƙi iska, suna ɓullowa a sake binsu, haka aka yi ta yi kusan rabin awa mutane na ta ihu da tafi. Wallahi har yau in na tuna feshin numfashin ɗan nan, gajere gajere a jere, raina ɓaci yake. Da muka dawo na tambayi jagoran wace jami'a suke tura wa bayanan, sai kame-kame, ko takarda ɗaya ban ga wani ya riƙe ba a jirgin.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, duk da muna ce masa kifi, dabba ce mai shayarwa, kuma uwar da ta zo ruwan ɗumi haihuwa watanni take yi kusan ba ta cin komai, kitsen da ta tara a tekun sanyi shi take ƙonawa, da shi take yin nono. Duk gudun da ka sa ta, daga abincin ɗanta ka ɗiba. Ga kuma ƙarar inji, su da sauti suke jin juna a ƙarƙashin ruwa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 zirga-zirgar manyan jirage ta ragu a mashigin Fundy na Kanada, masana suka gwada kashin wel ɗin wurin suka ga sinadarin damuwa ya sauka a jikinsu a daidai kwanakin da tekun ya yi shiru.

To shi ya sa Hermanus. Gari ne a gaɓar Walker Bay, kamar kilomita 120 daga Cape Town, kuma babban abin da ya raba shi da saura shi ne ba sai ka shiga jirgi ba sam. Akwai hanyar ƙafa a kan duwatsun bakin teku mai tsawon kusan kilomita 12, daga watan Yuni zuwa Nuwamba wel ɗin kudu masu kanta a kai suna shigowa har gindin dutsen da kake zaune, Satumba da Oktoba sun fi yawa. Na zauna wata safiya uwa tana kwance a ƙasana ba ta ko motsi, ɗan yana ta hawa bayanta yana zamewa, in ta yi numfashi sai ka ga feshin ya rabu biyu kamar harafin V, kuma kana jin ƙararsa ƙarara saboda babu injin da ya rufe shi. Ba su da ƙaya a baya irin ta sauran, bayansu sumul yake baƙi ƙirin. Garin ma suna da mai shela tun 1992, yana yawo da ƙahon da aka yi da busasshiyar ciyawar teku, in ya hango wel sai ya busa.

Kuma a nan binciken na gaske ne. Ana shawagi ta sama ana ƙirga su duk shekara tun 1969, aikin da sashen nazarin wel na Jami'ar Pretoria ke riƙe da shi yanzu, daga 1979 aka fara ɗaukar hoton kan kowace uwa, domin kantar nan da ke kansu tsarinta ba ya zama iri ɗaya, kamar zanen yatsa ne, dabarar da masanin wel Roger Payne ya yi aiki da ita a gaɓar Valdés ta Ajantina tun farkon shekarun 1970. Da haka suka gane cewa uwayen da suka saba haihuwa duk shekara 3 yanzu da yawa sai 4 ko 5, kuma sun rame a kan na da, ana danganta abin da canjin abincinsu a tekun kudu. In ma ka nace sai ka shiga jirgi, dokar ƙasar ta ce wanda ba shi da lasisi kada ya matsa ƙasa da mita 300, mai lasisi mita 50. Aibin Hermanus ɗaya, kusan nau'i ɗaya za ka yi ta gani.

Ta biyu a wurina Azores ce, tsibiran Potugal, inda aka daina farautar wel a shekarun 1980 kuma ɗakunan tsinkaye da mafarauta ke hawa a da su ake amfani da su yanzu wajen nuna wa jirage inda wel mai ƙaton kai yake, a Afrilu da Mayu har shuɗin wel kan ratsa. Húsavík ta Aislan tana da masu doro da yawa amma ƙasar tana cikin ukun da ba su bar farautar kasuwanci ba, ita da Nowe da Japan, duk da dakatar da ita da hukumar kula da farautar wel ta duniya ta yi daga 1986, ni wannan ya ishe ni in ƙi zuwa. San Ignacio a Meziko wel masu ruwan toka ne ke zuwa wurin kwale-kwale da kansu, ba laifi. Tonga iyo ake yi da uwa mai shayarwa, ba ni ciki. Mirissa ta Sri Lanka kuwa cunkoson jirage ya yi yawa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don duk inda ka zaɓa macuta suna nan. Kalmar bincike da kalmar kare muhalli ba a biyan ko sisi kafin a rubuta su a jikin jirgi, kowa ma zai iya. Kafin ka tura kuɗi ka tambaye su sunan jami'a ko ƙungiyar da suke ba bayanai, sannan ka je shafin ita ƙungiyar ka duba ko ta san da su, kada ka tsaya a tambarin da suka liƙa a nasu shafin don sau da yawa kwafo shi kawai suke yi. Ka nemi lambar lasisi, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Duk wanda ya ce maka tabbas ɗari bisa ɗari za ka taɓa wel ko za a kai ka daf da shi, ka gudu, domin ba shi da hanyar cika wannan alkawarin sai ta kora. Mai cewa in ba ka gani ba ka dawo gobe kyauta wannan daban ne, shi ya yarda dabbar ba a hannunsa take ba.

Hotunan talla ma abin dubawa ne, wasu na wata ƙasa ne gaba ɗaya, za ka ga an saka wel mai doro yana tsalle a wurin da ba lokacinsa ba ne. Ni yanzu bidiyon fasinjoji nake nema, ba na kamfani ba, in saurari injin, shin an rage shi ko an kashe da aka iso, jirgi nawa ne a kewaye, ta gefe aka matso ko ta gaba aka tare. Haka masu sayar da takardar wai ka ɗauki nauyin wel, akwai na gaske da ƙungiyoyin bincike ke yi, za su ba ka hoton wutsiyarsa da tarihin ganinsa, akwai kuma waɗanda hoto ɗaya suke buga wa kowa da suna daban daban.

Gwajin da ya fi sauƙi, ka tambayi jagora ko suna tura hotunan wutsiya zuwa Happywhale, shafin da aka buɗe a 2015 wanda ke gane mai doro ɗaya ɗaya daga zanen ƙasan wutsiyarsa. Kai ma in ka ɗauki hoto mai kyau za ka iya turawa, in an taɓa ganin naka a wani teku za su sanar da kai, in kuma an sake ganinsa bayan shekara biyu saƙo zai shigo maka.