Tsofaffin Kayan Adon Kirsimeti a Intanet: Gilas, Katako ko Na Lantarki, Wanne Za Ka Fara Saya?

Wata Asabar cikin watan Oktoba ƙanwata da ke aure a Amurka ta turo min hotuna uku ta WhatsApp: kwali mai ƙwallayen gilas goma sha biyu, da bishiyar alminiyam mai walƙiya, da wani sojan katako mai jar riga. "Yaya, duk an rubuta tsofaffi ne. Wanne zan ɗauka?" Na ce mata, "Auta, kada ki biya ko sisi tukuna. Ki ce wa mai ƙwallayen nan ya ɗauko miki hoton hularsu da na bayan kwalin."

Shekara tara ke nan ina wannan harka a Jamus, kuma ta ƙofar gwanjo na shigo ta. Idan tsoho ya rasu ko ya koma gidan kula da tsofaffi, iyalinsa kan kira masu kwashe kaya, mu kuma mu bi mu sayi firiji da keke da tukwane don lodin kwantena. A irin wannan kwasar na fara cin karo da kwalayen da ake saukowa da su daga saman rufi, an naɗe kowane abu a tsohuwar jarida. Ni da na tashi a Wusasa, inda adonmu na Kirsimeti bai wuce balan-balan da takarda mai launi ba, na jima kafin na gane cewa akwai mutanen da ke kwana a gaban kwamfuta suna jiran irin waɗannan kwalaye. Abin da na koya a taƙaice shi ne: kalmar "tsoho" da mai sayarwa ya rubuta ba shaida ba ce. Shaidar tana jikin kayan, kuma kowane iri da inda yake ɓoye tasa.

Ƙwallayen gilas

Nan kasuwar ta fi faɗi, nan kuma aka fi yin kuskure. Asalin sana'ar wani ɗan ƙaramin gari ne mai suna Lauscha a dajin Thuringia na Jamus, inda masu hura gilas suka fara yin adon bishiya tun tsakiyar ƙarni na 19. Da aka kawo musu gas a 1867 sai suka sami harshen wuta mai tsayawa daram, suka iya hura gilas siriri kamar ɓawon ƙwai, suna zuba ruwan azurfa a ciki don ya yi sheƙi. Ɗan kasuwar Amurka F. W. Woolworth ya fara sayar da irin waɗannan a shagonsa a 1880, daga nan kayan suka cika Amurka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, wani Bajamushe mazaunin Amurka, Max Eckardt, ya haɗa kai da kamfanin Corning, aka juya injin yin ƙwan fitila ya koma fitar da ƙwallaye. Su ne ake kira Shiny Brite.

To ga inda hula ta shigo. A wuyan kowane ƙwallo akwai 'yar hular ƙarfe da ake maƙala ƙugiya, kuma sau da yawa an buga sunan ƙasa a kanta. Idan ka ga "West Germany", ka san tsakanin 1949 ne da 1990, haka ma "GDR", wato Jamus ta Gabas. "Czechoslovakia" ba zai wuce 1992 ba, don ƙasar ta rabe biyu a farkon 1993. "Occupied Japan" na shekarun da Amurka ke riƙe da Japan ne, kafin 1952 ta ƙare. Wanda na fi so a duk cikinsu shi ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a Amurka: azurfa da ƙarfe sun tafi wajen yaƙi, sai aka riƙa yin ƙwallon garau ba sheƙi, da 'yan layukan fenti, hularsa ta kwali. Idan ka riƙe irinsa ka ɗaga shi sama, kana hango yatsunka ta ciki. Ba shi da ƙyalli ko kaɗan, amma masu tarawa sun fi darajanta shi a kan masu walƙiyar.

Sai dai hula ana cire ta a sa wa wani. Shi ya sa nake neman hoto na biyu da aka zare hular, in ga ko girmanta ya yi daidai da wuyan, ko kuma tsohuwar tsatsa ta bar zobe a inda ta zauna. Na uku kwalin ne. Adireshin kamfanin Amurka mai lambar gidan waya guda biyar a ƙarshe bai riga 1963 ba. Zanen layukan nan da ake haskawa a kanti kuwa sai daga 1974. Wannan na da muhimmanci domin tun 2001 kamfanin Christopher Radko ya dawo da sunan Shiny Brite, yana yin sababbi cikin kwali mai kama da na da. Kaya ne masu kyau, amma kuɗinsu daban.

Aibin gilas a bayyane yake, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na taɓa sayen wasu tsuntsaye shida masu wutsiyar zaren gilas daga wani mutum a intanet. Ya jefa su cikin kwalin takalmi da jarida falle biyu. Tun kafin in buɗe na ji ƙarar garin kwalba, biyu kawai suka tsira, kuma abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki, don sun yi shekara sittin ko fiye a duniya kafin su zo su mutu a hanya ta zuwa gidana. Tun daga ranar ba na biya sai an yarda za a naɗe kowanne shi kaɗai, a sa kwali cikin kwali. In sun iso lafiya kuma kada ka kusanto da ruwa. Fentin na waje ne, jiƙaƙƙen tsumma ɗaya zai kwashe shi. Busasshen buroshi mai laushi ya isa.

Akwai wani iri da ake kira kugel, mai kauri da nauyi, launinsa cikin gilas ɗin kansa yake, hularsa ta tagulla. Su ne kakannin sauran, kuma suna da tsada. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya ƙyale su. An daɗe ana yin kwaikwayonsu a Indiya, har da tsatsar ƙarya a hula, kuma ko ƙwararru sai sun riƙe a hannu suke rantsuwa.

Na katako

Ga wanda ke nesa, ko yake son abin da zai kai Kaduna ko Yamai a akwati ba tare da fargaba ba, wannan na fi ba da shawara. Cibiyarsu tsaunukan Erzgebirge ne a gabashin Jamus, musamman garin Seiffen, inda mahaƙa ma'adinai suka koma sassaƙa bayan arzikin ƙasa ya ja baya. Suna yin sojan nan mai buɗe baki yana fasa ƙwaya, da hasumiya mai farfela da zafin kyandir ke juyawa, da kuma ɗan mutum-mutumin da ake buɗe cikinsa a sa turare, hayaƙi ya riƙa fita ta bakinsa. Duk wanda ya girma a ɗakin da ake kunna turaren wuta zai so wannan na ƙarshe.

Juya shi ka duba ƙasa. Na zamanin Jamus ta Gabas kan zo da tambarin "GDR" ko "Expertic" ko "VERO". Na bayan haɗewar ƙasar na ɗauke da hoton mahayi a kan dokin wasa, alamar ƙungiyar masu sana'ar yankin. Jabun sun yi yawa, sai dai suna tona kansu: katako shafal, manne ya tsiyayo a gaɓoɓi, idanu a karkace. Ka nemi hoto na kusa, ka duba ko akwai ƙananan huji da gari a gindinsu, don alamar ƙwaro ce, kuma zai iya bin sauran katakon gidanka. Hannu ko takobin da ya ɓalle ana gyarawa, amma a rage kuɗi.

Na lantarki da masu haɗari

Nan nake taka wa mutane birki. Fitilun nan masu tafasa da kamfanin NOMA ya fito da su a 1946 suna da ban sha'awa, amma ruwan da ke cikin bututunsu guba ne idan ya fashe, wayoyinsu kuma sun bushe. Ga shi wutar Amurka bolt 120 ce, ta Turai da Najeriya da Nijar kuwa kusan ninki biyu. A ajiye su a kabad mai gilas a riƙa kallo, kada a haɗa su da soket.

Bishiyar alminiyam irin ta Evergleam, da aka fara yi a Manitowoc ta jihar Wisconsin a 1959, tana riƙe darajarta, musamman in tana da kwalinta da rigar takardar da ake zura kowane reshe. Ka sa a ƙirga rassan a gwada da hujin da ke jikin sandar. Ba a rataya mata fitilar lantarki saboda ƙarfe ce, ana haska ta ne daga gefe da faifai mai launi huɗu. Girmanta ya sa kuɗin aike kan cinye ribar, don haka ta fi dacewa da wanda zai je ya ɗauko da mota.

Abu biyu ba na saya ko kyauta: tsohon zaren azurfa mai nauyi, domin da darma ake yin sa kafin Amurka ta daina a 1972, da kuma kwalin ƙanƙarar ƙarya na shekarun 1930 da 1940, wanda wasunsa asbestos ne zalla. Gidan da ke da yara bai kamata su shige shi ba.

  Kayan adon Kirsimeti na kamfanin Hallmark na Amurka kuwa, da aka fara a 1973, an yi su da yawan gaske. Ka saya don kana so, amma kada ka sa ran riba.

A ina za a saya?

eBay ya fi kowa yawan kaya, kuma yana da abin da na fi amfani da shi: za ka iya tace bincike ka ga waɗanda aka riga aka sayar da kuɗin da aka biya. Kuɗin da mai kaya ya yanka buri ne, wanda aka biya shi ne farashi. Idan kaya ya zo a fashe ko ba kamar yadda aka kwatanta ba, akwai hanyar neman a mayar maka da kuɗi.

Etsy ya fi tsari da kyawun hoto, masu shaguna sun fi iya naɗi, amma za ka biya wannan a farashi. Ka tuna cewa a dokarsu abin da ya kai shekara 20 ya shiga sahun tsofaffi, wato abin da aka yi a 2003 ma ya shiga.

Facebook Marketplace, da Kleinanzeigen a nan Jamus, su ne wurin araha, don yawanci 'ya'ya ne ke rabuwa da kayan iyaye ba tare da dogon lissafi ba. Kariya ce babu sosai. Ka je da ƙafarka, ka gani, ka biya hannu da hannu. In dole sai ta PayPal, ka zaɓi biyan kuɗin kaya, kada ka yarda da na 'yan'uwa da abokai, don wannan ba ya da inshora. Haƙƙin mayar da kaya cikin kwana 14 da dokar Tarayyar Turai ta bayar kuma yana aiki ne idan daga ɗan kasuwa ka saya, ban da mutum mai zaman kansa.

Lokaci ma ciniki ne. Ni daga Fabrairu zuwa Yuli nake saye, lokacin da ba mai waiwayar kayan, in fara sayarwa a Oktoba. Mai son sayarwa ya ɗauki hoto a hasken rana, ya nuna hula da kwali, ya faɗi kowane tabo da bakinsa. Masu tarawa ba sa gudun tabo, ɓoye shi ne ke kore su.

Hoton da aka turo wa Auta ya iso washegari. Bayan kwalin na ɗauke da layukan kanti, hulunan kuma fes kamar jiya aka buga su. Ta bar su. Bishiyar ta yi mata nisa, jiha uku ke tsakaninsu. Sojan katakon kuwa da aka juya shi sai ga "GDR" a ƙasan takalminsa, gefe guda na gashin bakinsa ya ɗan zube. Ta taya, aka rage mata dala biyar, yanzu yana kan kabad ɗin falonta, can sama inda hannun ɗanta ba ya kaiwa.